Waƙa Ta Bakwai

Radiya ta cusa yatsunta biyu cikin kunnuwanta ta saman hijabi, ta tsaya a bakin shagon Isma'ila tana girgiza kai. Shi kuwa da yake gwanin tsokana ne, sai ya ƙara murɗa sifikar, har kofunan mai shayin da ke gefensa suka soma rawa a kan tebur. Sai da ya ga ta juya za ta tafi da gaske sannan ya kashe, yana dariya har da dafe ciki.

"Ni dai ban taɓa ganin mai sayen waƙa tana gudun waƙa ba sai ke," in ji shi.

"Yaya Isma'ila, don Allah ka tura min kawai in wuce. Kada ka kunna ko ɗaya."

Shagon nasa ɗan akurki ne na langa-langa a kan hanyar kasuwar birni, ba komai a ciki sai tsohuwar kwamfuta da sifika da benci. Sana'arsa tura wa mutane waƙoƙi da karatu da fina-finai a memori. Ranar kuwa Alhamis ce, ranar da sabon albam ɗin Suhail Tukur-Tukur ya fito, mai suna Inuwar Rimi, bayan an kwashe wata takwas ana sanarwa ana ɗagawa. Tun da sassafe samari suka yi wa shagon tsinke, kowa da wayarsa a hannu. Radiya ta jira sai da suka ragu sannan ta matso, ta zare memorinta ta miƙa.

Isma'ila ya san dalilin toshe kunnen, tsokana ce kawai. Wannan ne albam na huɗu da take saye a wurinsa, kuma ba yau aka fara haka ba. Yana tura waƙoƙin yana rubuta mata sunayensu a bayan wata takarda, guda goma sha ɗaya, don ya san akwai mai son ganin sunayen kafin ta ji. Da ya gama ya tambayi jikin ƙawarta Ihsan. Radiya ta ce an dawo da ita daga asibiti jiya da yamma. Ya ce madalla, ai sauƙi ke nan, ita ma ta ce sauƙi ke nan, don a lokacin haka ta ɗauka. Ta ba shi kuɗinsa, ta mayar da memorin cikin 'yar wayarta mai madannai, ta kamo hanyar Limancin Kona a ƙafa. Ba ta hau keke napep ba, don ta san yau duk wanda ta tsayar, muryar Suhail za ta tarar a ciki.

Gidansu Radiya da gidansu Ihsan katanga ɗaya ta raba su, ita ma katangar tana da 'yar ƙofa ta bayan madafi, wadda kakanni suka huda don mata su riƙa karɓar wuta da gishiri ba sai sun fita waje ba. Ta wannan ƙofar Radiya ta yi rarrafe, ta nan ta girma. Ihsan ta girme ta da wata biyar, amma wanda bai sani ba zai ce ƙanwarta ce, don ciwon sikila ya hana ta tsawo ya hana ta jiki. Shekara takan rabu mata biyu, rabi a tsaye rabi a kwance. Makaranta ma a aji huɗu na sakandare ta haƙura. Abin da ya rage mata shi ne ɗinkin hannu na wuyan babbar riga, irin wanda matan birni suke karɓa a gida, kuma a nan kam ba mai kama ƙafarta. Radiya ita ma tana taɓawa, sai dai nata ɗinkin yakan fito kamar kaza ta bi ta kai.

A kan ɗinkin nan suka kamu da Suhail. Mahaifin Ihsan, Malam Zaharaddini, malami ne, zaurensa ba ya rabuwa da manyan ɗalibai da littattafai tun hantsi. Bai taɓa kafa doka a kan kiɗa ba, ba a dai taɓa jin kiɗa ya tashi a gidan ba, kuma ba wanda yake son ya zama na farko. Saboda haka sai suka sami iyafis, ɗan abin sawa a kunne mai igiya biyu, suka raba shi. Na hagu na Ihsan ne, na dama na Radiya. Su zauna kafaɗa da kafaɗa, igiya ta bi ta ƙarƙashin mayafi, allura tana shiga tana fita. Duk wanda ya leƙo sai ya ga yaran kirki sun duƙufa a kan aiki.

Jin waƙa da Ihsan aiki ne ja. Ido take rufewa. Idan waƙa ɗaya ta ƙare sai ta danne hannun Radiya ta ce a tsaya tukuna, a bari ta zauna. Tana da littafin rubutu da take zuba baitoci a ciki, ta kuma ba kowace waƙa maki kamar malamar makaranta, kuma ba ta da arha. Ta taɓa rantsuwa cewa mura Suhail yake yi ranar da ya rera wata waƙa, ta rage masa maki biyu a kan haka. Radiya masu zafi take so, waɗanda ƙafa ke motsi da kanta. Ihsan kuma masu sanyi, waɗanda ake jin garaya can ƙasa tana bin murya. Sun yi musu a kan wannan ya fi a ƙirga, kuma ba wadda ta taɓa sallamawa.

Dokarsu ɗaya ce: sabon albam ba mai riga wata ji. Asalinta kuwa, da na biyu ya fito Radiya ta kasa haƙuri ta ɗan ɗanɗana a hanya. Suna zama, tun kafin amshi ya zo ta soma gyaɗa kai, nan take Ihsan ta gane. Ta zare nata kunnen ta ajiye, ta yi kwana uku ba ta yi mata magana ba. A rana ta huɗu ta ce da ita, "Ke kina da titi, kina da makaranta, kina da gidan biki. Ni komai na duniya sai ya tsufa yake iso ni. Wannan ɗaya dai ki bari mu same shi sabo tare." Tun daga ranar Radiya take toshe kunne a shagon Isma'ila.

Da ta isa gida ranar Alhamis ɗin, ko hijabi ba ta cire ba ta nufi 'yar ƙofa. Mahaifiyarta, Hafsat, wadda take kira Umma, tana zaune a gindin turmi tana gyaran zogale, ta kira ta. Ta dubi fuskarta, ta dubi hannun da ke ɓoye cikin hijabi, ta ce ta zo ta zauna. A hankali ta faɗa mata abin da Iya, mahaifiyar Ihsan, ta faɗa mata da safe a bakin wannan ƙofar. Ba sauƙi ne ya sa aka sallamo Ihsan ba. Likita ya ce ƙodarta ta gaji, ita kuma ta roƙi a kai ta gida, Malam ya ce a yi mata yadda take so.

Radiya ta tambaya ko kwana nawa aka ce, Hafsat ta ce wannan sanin Allah ne, zai iya zama wata, zai iya zama yau.

"Shi ya sa nake so ki ji ni da kyau," in ji ta. "Na san abin da ke hannunki. Kada ki kai wa yarinyar nan kiɗa yanzu. An ce mutum a kan abin da ya cika ake tashinsa. In rai ya yi halinsa da abin nan a kunnenta, ke kika sa mata, ina za ki kai wannan?"

Ba da faɗa ta faɗa ba, idonta ma cike yake da ƙwalla, don ita ma ta goyi Ihsan. Da faɗa ne da Radiya ta sami abin yi wa gardama. Ta shiga ɗaki ta ɗaga kayan akwatinta, ta tura wayar can ƙasa, ta zauna a kan akwatin ta daɗe. Takardar sunayen kaɗai ta manta a aljihun siket.

Ɗakin Ihsan yana can ƙarshen gida, bangonsa na baya ya jingina da lungu, da 'yar taga can sama kusa da azara. Ɗakin yana warin man zafi da turaren wuta. Ihsan tana kwance a katifa a ƙasa, ƙafafunta sun kumbura, idanunta sun yi rawaya, amma suna ganin Radiya suka yi haske. Iya tana zaune a gefenta da mafici. Suka gaisa, sai Iya ta miƙe ta ce bari ta je ta dama mata kunu, ta fita ta saki labule.

Ihsan ba ta tsaya wata gaisuwa ba. Ta kai hannu ta janye ɗankwali daga kunnenta na hagu.

"Yau Alhamis," ta ce. "Ina yake?"

"Bai fito ba. An sake ɗagawa."

"Zuwa yaushe?"

"Sati mai zuwa, in ji Yaya Isma'ila."

Ihsan ta ja tsaki mara ƙarfi, ta ce Suhail ɗin nan ba shi da alkawari, tun kafin ta ji ta rage masa maki ɗaya. Ta mayar da ɗankwalin. Radiya ta yi dariya, dariyar ta fito mata da ɗaci. Tunda suke ba ta taɓa yi mata ƙarya mai nauyin wannan ba, kuma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda ta fito mata a sauƙaƙe.

Juma'a da Asabar suka zo suka wuce a haka. Kullum da hantsi Radiya ta shigo, kullum Iya ta miƙe ta tafi dama kunu, ta saki labule, ta yi zamanta a madafi har rana ta ɗaga, alhali kunun cokali biyu Ihsan take sha ta kau da kai. Radiya ta lura da daɗewar, amma ba ta kawo komai a ranta ba, hankalinta yana wani wuri. Sai su zauna shiru, ko ta ɗauki rigar da Ihsan ta bari rabi ta yi mata 'yan layuka, Ihsan tana kallo tana cewa ta warware, kada ta ɓata mata suna a wurin mai riga.

A waje kuwa garin ya cika da Inuwar Rimi. Mai rake yana ji, mai faci yana ji, keke napep ba wanda zai wuce sai ya watso wa mutane guntun amshi. Aike ko na bakin titi ne sai Radiya ta tafi da yatsu a kunne, ana kallonta ana dariya. Ita kanta ta rasa me take karewa. Alkawarin da ta hana a cika shi take tsaro, kuma ta san haka.

Ba ta bar tunanin ba. Takan ce wa kanta waƙa ɗaya minti biyar ce, wane irin rashin sa'a ne zai sa mutuwa ta zaɓi waɗannan mintuna biyar? Sai kuma ta tuna yadda numfashin Ihsan yake tsayawa wani lokaci har sai Iya ta girgiza ta. Ranar Asabar ta yanke shawarar ta tambayi wanda ya sani. Ta zagaya ta zaure bayan ɗalibai sun tashi, ta durƙusa ta gai da Malam. Yana zaune a kan buzu da littafi buɗe a gabansa, yatsansa a kan layi ɗaya, ba ya motsi. Ya ɗago, idanunsa jawur, ya ce, "Akwai magana ne, 'yata?" Ta buɗe baki. Ta yaya za ta tambayi mutumin nan, a zauren nan, a wannan satin, ko ya halatta a sa wa 'yarsa waƙar soyayya a kunne? Ta ce, "Babu, Baba Malam, gaisuwa ce." Ya sa mata albarka, ya ce Allah ya saka mata da zaman da take yi da 'yar'uwarta, ita kuma ta tashi da nauyin da ya fi wanda ta zo da shi.

Ranar Lahadi, bayan Iya ta saki labule, Ihsan ta daɗe tana kallon 'yar tagar nan ta sama. Muryarta ta ragu sosai, sai an matso ake ji.

"Jiya da la'asar wani mai keke ya tsaya a lungun nan yana sauke fasinja," ta ce. "Muryar na santa, waƙar ce ban sani ba."

Radiya ta sunkuyar da kai, allurar ta tsaya a hannunta.

"Shekaran jiya ma haka. Amma kada ki damu, ban ji ba. Filo na ja na danne kunnena har ya wuce." Ta tsaya ta huta. "Ke kin ji?"

"Wallahi ban ji ba. Ko ɗaya."

"To shi ke nan. Abin da nake son ji ke nan."

Nan Radiya ta fashe da kuka, ta toshe bakinta da rigar mutane don kada a ji a madafi. Ta faɗa mata komai, tun daga shagon Isma'ila har ƙasan akwati, har maganar Umma, har tsoron da ya hana ta sukuni. Ihsan ta saurara ba ta katse ta ba. Ba ta yi fushi ba, wataƙila ma ba ta da ƙarfin fushin. Ta ce Umma ba ta yi ƙarya ba, ita ma tana wannan tunanin, ita ce ma mai tafiyar. Ta ce amma wata takwas tana jira, a asibiti idan ciwo ya taso da abin nan take lallashin kanta, kuma ita a ganinta Allah ya san abin da ke zuciyar mutum.

Ta tambaya ko Isma'ila ya rubuto sunaye. Radiya ta laluba aljihu ta ciro takardar, duk ta yamutse, ta karanta mata ɗaya bayan ɗaya, Ihsan ido a rufe. Da ta zo ta bakwai, Ruwan Farko, sai ta ɗaga yatsa.

"Wannan. A hankali za ta tafi, ki gani. Ita kaɗai za ki sa min, sauran goman na bar miki."

Radiya ta miƙe ta bi ta 'yar ƙofa da gudu, ta zazzage akwati ta ɗauko wayar. Ta danna, ta sake dannawa, fuskar wayar ta tsaya baƙa. Kwana uku tana kunne a ƙasan kaya, caji ya ƙare, unguwar kuma rabonta da wuta tun Laraba. Wayar Umma ba ta da ramin memori. Ta zura hijabi ta fita wajen mai caji na bakin titi, ta tsaya a kansa a cikin rana tana roƙonsa ya sa mata a gaba, shi kuma yana ce mata waya ba da roƙo take cika ba. Da ta ga ta ɗan kama ta fizge ta dawo. Tun daga bakin madafi ta ga takalma. Dangin Iya ne suka zo dubiya daga Tudun Wada, mata shida da goyonsu, sun cika ɗakin, wata tana tofi a ruwa, wata tana ba da labarin wani mai magani. Ba su tashi ba sai da aka kira magariba, sannan Malam ya shigo ya zauna. Radiya tana raɓe a bakin ƙofa duk tsawon yinin, wayar tana ɗumi a tafin hannunta. Da za ta tafi Ihsan ta dube ta ta tsakanin kafaɗun mutane, ta motsa baki ba sauti. Gobe.

Litinin da hantsi ta shigo da wayar a cike, iyafis a naɗe a yatsa, ta riga ta kai alamar kan waƙa ta bakwai don kada a ɓata lokaci. Ta tarar labule a ɗage. Iya ba ta tafi dama kunu ba. Umma ma tana ciki, ashe tun bayan asuba aka kira ta. Zaure kuma shiru, an sallami ɗalibai.

An juyar da Ihsan ta kwanta a kan gefenta na dama tana fuskantar alƙibla. Numfashinta yana fita da wani ƙara, ya tsaya, ya dawo. Ɗankwalin ya zame, kunnenta na hagu yana sama a buɗe. Malam ya durƙusa ya kai bakinsa daidai wannan kunnen, yana faɗin kalmar shahada a hankali, ya yi shiru, ya sake faɗa. Radiya ta tsaya a bakin ƙofa da hannu cikin hijabi. Ba wanda ya hana ta shiga, ba kuma wanda ya san abin da take riƙe da shi. Ta dai san ba sauran wuri a kunnen nan.

Can leɓɓan Ihsan suka motsa suna bin na mahaifinta. Kowa a ɗakin ya gani. Idanunta a buɗe suke kaɗan, suna kallon wajen ƙofa, amma Radiya ba za ta iya rantsuwa cewa ita suke kallo ba. Numfashin ya fita, aka jira, bai dawo ba. Iya ta sa tafin hannu ta shafe mata ido, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," muryarta ba ta ko rawa. Malam ya daɗe a durƙushe kafin ya iya miƙewa.

Bayan azahar aka fita da ita ta zaure, makarar ba ta yi wa masu ɗauka nauyi ba. Da yamma Umma ta jawo Radiya jikinta tana shafa mata baya, ta ce ta gode wa Allah, ƙawarta ta yi kyakkyawan ƙarshe, da kalmar shahada ta cika, ba kowa yake samun haka ba. Gaskiya ta faɗa, Radiya ma ta yi murna da hakan har cikin ranta. Sai dai murnar ba ta taɓa ɗaya abin ba, yana nan inda yake, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Ranar sadakar uku, bayan mata sun ragu, Iya ta aika a kira ta. Ta same ta a ɗakin Ihsan, an naɗe katifar an jingine ta a bango. Iya ta ɗauko littafin rubutun nan daga ƙarƙashin tabarma ta miƙa mata, ta ce wannan nata ne, ba mai amfaninsa a gidan sai ita. Radiya ta karɓa da mamaki, don ba ta san Iya ta san da littafin ba.

Iya ta ɗan yi murmushi. Ta ce shekara huɗu ana ɗinki kai biyu suna gyaɗawa lokaci ɗaya, ai ko makaho ya gane. Ta ce ba ta taɓa faɗa wa Malam ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, amma duk ranar da suke ciki ba ya bi ta ƙofar ɗakin sai ya yi gyaran murya tun daga nesa. Ta ce tun a asibiti Ihsan take damunta da zancen wani sabo da zai fito ranar Alhamis.

"Shi ya sa kullum in kin shigo nake tafiya madafi," ta ce. "Kunun nan ai kin ga ba sha take ba. Zama nake in ba ku wuri." Ta gyara zama, ta dubi Radiya. "Ta dai samu ta ji, ko? Ya yi mata daɗi?"

Radiya ta dubi littafin da ke hannunta. Ƙarya ɗaya za ta wadatar, ta kuma riga ta san yadda take fitowa a sauƙaƙe. Bakinta ya ƙi.

"Ba ta ji ba, Iya. Ni ce ban kawo mata ba."

Iya ba ta tambayi dalili ba. Ta kai hannu ta tsince wani ɗan zare daga kan tabarma, ta naɗe shi a yatsa, ta warware.

"To," ta ce. "Allah bai nufa ba."

Radiya ta koma gida ta 'yar ƙofa, ta shiga ɗaki ta zauna a ƙasa ta buɗe littafin. Shafin ƙarshe da aka taɓa an rubuta Inuwar Rimi a sama da babban baƙi, an ja layi biyu a ƙarƙashi, an kuma ja layin maki a gefe da rula. Rubutun mai kyau ne, tun tana da ƙarfin hannu ta yi shi. Sauran shafin fari fat.

Ta ɗauko wayar, alamar tana nan a kan ta bakwai. Ta warware iyafis ɗin ta sa na dama a kunnenta. Na hagun ta rasa inda za ta kai shi, sai ta ajiye shi a kan shafin. Babban yatsanta yana kan madanni, ba ta danna ba. Rana ta yi sanyi, ana jin Umma tana kaɗa miya a madafi. Can wani keke napep ya shigo lungu a hankali, muryar Suhail tana tahowa tare da shi, da garaya can ƙasa tana binta. Radiya ta ɗaga hannu ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, ta zauna a haka har ya wuce.